Kujeru Baya da Baya

Abin da na fara lura da shi ranar da na shiga garejin Mama Ladi a Barnawa shi ne kujerun. Na roba ne, farare, wasu an ɗaure musu ƙafa da waya. An jera su bibbiyu, kowace ta juya wa 'yar'uwarta baya. Na ɗauka shara aka gama ba a mayar da su daidai ba. A gefen kowace kujera kuma akwai ɗige-ɗigen jan fenti a kan siminti, sun lanƙwasa kamar rabin faifai. Na ga ɗigon, amma ban tambaya ba. Lokacin ina aji biyu na ƙaramar sakandare, kuma ba na tambayar kowa komai.

Ku 'yan aji uku da kuke cewa za ku karɓi wurina idan na gama jarrabawa, na ji abin da Keziya ta faɗa a bakin famfo. Wai aikin lesin zama ne a inuwa, ki ce wa tsofaffi A, su ce A. Ba zan iya yi muku bayani da baki ba, kun san ni. Shi ya sa na rubuta.

Mama Ladi ta koyar da Turanci a makarantun gwamnati har ta yi ritaya. Da mijinta ya rasu aka sayar da motar, garejin ya zama aji. Mahaifiyata ce ta kai ni wurinta, don na daina magana a makaranta. A ajinmu, kamar a naku, idan mutum ya yi kuskure a Turanci sai wani ya yi ihu, "Bam!", kowa ya faɗa ƙarƙashin tebur yana kare kai. Ni sau ɗaya aka yi mini. Daga ranar ina cin Turanci a takarda, amma a baki ko izinin fita ba na nema.

Mama ta nuna mini kujera, ita kuma ta zauna a ta bayana. Na ji kafaɗarta ta taɓa tawa.

Ta ce, "Hannatu, ba ruwana da fuskarki. Muryarki nake so. Me kika ci da safe? Faɗa mini da Turanci."

Bango kawai nake kallo, da wata ƙadangaruwa kusa da rufi. Na faɗa. Na yi kuskure, na tsaya ina jira. Ba wanda ya faɗa ƙarƙashin komai. Mama ta maimaita maganata daidai, kamar tana tabbatar da abin da ta ji, sannan ta tambaye ni ko akwai sukari a kokon.

Kayan aikin ba su da yawa, amma kowanne sai kin koyi riƙe shi. Allon ƙofar tsohon kabad ce da aka shafa wa baƙin fenti, idan damina ta yi nisa sai ta yi gumi, alli ya ƙi kamawa. Akwai kwando mai cokali, da kofi, da takalmin yaro ƙafa ɗaya, da 'yar tsana marar hannu, da wayar da ta daɗe da mutuwa. Sai gwangwanayen madara uku: na jiya, na yau, na gobe. Na jiya akwai yashi a ciki, na yau babu komai, na gobe akwai ruwa. Tunda ɗalibi ba ya ganin ki, sai ki jefa tsakuwa a ɗaya, shi kuma ya ji ƙarar ya juya jimlar zuwa lokacin. Idan kin manta ba ki zuba ruwa ba, gobe da yau sai su zama ɗaya, tsoho ya rikice, ya ɗauka kansa ne ba ya ja.

Aikina na farko shara ne da wanke kujeru ran Asabar, kafin ajin sababbin ɗalibai. Sai da na yi wata da watanni a haka kafin Mama ta ce in zauna in zama baya. Haka muke cewa, zama baya. Wanda aka fara ba ni shi ne Baba Audu mai Keke Napep, wanda ya yi aikin masaƙa a Kakuri kafin a rufe ta. Yana son Turancin da zai yi ciniki da fasinjan da ba ya jin Hausa. Na jefa tsakuwa a yashi. Ya ce, "Yesterday I go to market." Bayana ya ɗan zabura.

Ya ce, "Malama Ƙarama, na harbe ki ne?"

Aka yi dariya. Bayan an tashi Mama ta tsayar da ni.

"Kin ga abin da ya sa ban ba ki kujera da wuri ba? Baya ma yana magana. Babban mutum ba kuskuren yake tsoro ba, fuskar wanda ya ji kuskuren yake tsoro. Mun ɓoye masa fuska, ke kuma kin ba shi labari da kafaɗa."

Dokar farko ke nan. Doka ta biyu kuma, ba a ce wa sa'an ubanki ya yi kuskure. Mayar masa da maganarsa za ki yi a gyare, da muryar mai jin daɗin hira: "Oh, you went to the market?" Idan ya kama, to. Idan bai kama ba, ki sake zagayowa ta wata hanya, ko da sau nawa ne. Baba Audu ya daɗe yana faɗa da wannan kalma ta went.

Ya ce, "Wannan yare ba shi da tarbiyya. Uba go, ɗa went. Ko kama ba su yi ba. A garinmu da an tara dangi a kan wannan magana."

Masu zuwa iri-iri ne. Akwai tela mai son amsa wa kwastomominta a waya, da dattijon coci da yake so ya daina neman mai fassara, da matar da 'ya'yanta suke gyara mata magana a gaban baƙi. Kowa da inda Turanci ya tsaya masa. Wani ƙananan kalmomin nan ne, irin su "a" da "the", da ba ya jin amfaninsu. Wani kuma ya san komai a kansa, amma sai ya gama jera jimlar da Hausa ya juya ta, kafin nan mai tambaya ya tafi. Ni dai ajin Asabar na sani. Wanda ya ɗan yi nisa, Mama takan mayar da shi ajin safiyar Talata da Alhamis, lokacin ina makaranta. Ban taɓa ganin abin da ake yi a can ba. Ku riƙe wannan.

Shekarar da ta fi wuya ita ce wadda kuɗin mota ya tashi. Masu zuwa daga Sabo da Unguwar Mu'azu suka daina zuwa ɗaya bayan ɗaya. Muka jingine rabin kujerun a lungu. Ana cikin haka aka ce sai an yi wa Mama aikin maƙoƙo. 'Yarta ta zo ta tafi da ita Jos. Ranar tafiya ta ba ni makullin gareji a ɗaure da igiyar takalmi.

Ta ce, "Ki riƙa buɗewa, ko mutum ɗaya ne. Aji idan ya kwana biyu a rufe, ba ya sake buɗuwa."

A farkon dogon hutu ne Mama Talatu ta zo, da jikarta Godiya riƙe da bakin zaninta. Daga wajen Kakau take. Gonarsu tana can ciki, bayan titin Abuja, kuma mutanen wurin sun daina shiga saboda masu satar mutane. Wani ɗan'uwan mijinta ya ba ta ɗakin ajiyar kaya ta zauna, amma ya ce zuwa ƙarshen hutu, don ya riga ya yi wa ɗan haya alkawarin ɗakin. Ta ji ana neman mai reno a wani gidan renon yara a nan Barnawa, kuma aikin yana tare da ɗaki a bayan gidan. Mai wurin, wadda kowa ke kira Madam, 'yar kudu ce, ba ta jin Hausa. Ta sa an gaya wa Mama Talatu ta dawo ranar da za a koma daga hutu, idan za ta iya yi wa iyaye bayanin yadda yaro ya wuni da Turanci, aiki nata ne.

Mama Talatu ta dube ni daga sama har ƙasa, ta leƙa bayana.

"Ina malamar?"

Na ce, "Ni ce, Mama."

"Ke? To. Allah ya ba mu sa'a, 'yata. Ni dai idan ɗakin nan ya wuce ni, ban san inda zan kwantar da yarinyar nan ba."

Da ita na san aikin sosai. Kullum da hantsi take zuwa, da ƙafa, takalminta a hannu idan an yi ruwa. Na ajiye littafin Mama Ladi gefe, na ɗauko abin da mai reno za ta buƙata kawai. Ya ci abinci. Bai ci ba. Ta yi barci. Ya yi amai. Jikinta ya yi zafi da rana. Na ɗora mata 'yar tsanar a cinya, ni kuma na zama uwar yaro da ta dawo daga ofis. A yarensu "shi" da "ita" kalma ɗaya ce, saboda haka he da she suka ba ta wahala fiye da komai. Na ɗaura wa 'yar tsanar ɗankwali idan mace ce, in cire idan namiji ne, tana shafa kan tana amsawa. Idan ruwa ya sauko a kan kwanon rufi ba ma jin tsakuwa, sai in ɗan buga gwiwar hannunta ta baya: sau ɗaya jiya, sau biyu yau.

Tana da kai. Kafin Agusta ya ƙare, idan na tambaye ta ko yarona ya ci abinci, sai ta amsa cewa ya ci shinkafa kaɗan, ya ƙi wake, ya sha ruwa, ya yi barci bayan azahar. Har ƙari take yi daga kanta. Wata rana ta ce wa uwar da nake kwaikwaya ta daina sa wa yaro takalmin da ya matse shi. Baba Audu, wanda yake cikin 'yan kaɗan da suka rage, ya tafa.

Ya ce, "Talatu, ke kam kin wuce mu. Ni har yanzu ina nan tare da go da ɗan nasa."

Ranar Alhamis ta ƙarshe kafin a koma, Mama Ladi ta dawo. Ta rame, ta naɗe wuyanta da gyale, muryarta kuma ta zama raɗa, sai kin matso. Ta tsaya a ƙofa tana sauraren mu, tana gyaɗa kai. Daga nan ta dubi ƙasa. Ni ma na duba. Ƙafafun kujerunmu sun yi wa simintin shaida a wuri ɗaya. Sauran jan ɗigon kuwa ƙura ta kwanta a kansu.

Ta yafito ni.

"A wane ɗigo take?"

"Wane ɗigo, Mama?"

Ta wuce ni ta shiga ciki. Sannan ta kama kujerar da ba kowa, ta matsar da ita zuwa ɗigo na farko, ta sake matsarwa zuwa na biyu, haka har kujerar ta zagayo ta fuskanci 'yar'uwarta. Abin da ake yi ke nan ran Talata da Alhamis. Kowane mako ana juya mutum kaɗan. Da farko yana ganin gefen kafaɗarki, sannan kunnenki, sannan gefen fuska, har ranar da zai dube ki ido da ido yana magana bai ma lura ba. Yakan ɗauki wajen wata biyu. Mu kuma daga Alhamis zuwa Litinin muke da shi.

Mama Ladi ta ce, "Ban gaya miki ba. Na ɗauka zan dawo da wuri. Bari mu gwada."

Ta zauna a gaban Mama Talatu, gwiwa da gwiwa. Da raɗarta ta tambaye ta sunanta.

Mama Talatu ta sunkuyar da kai. Ta zame daga kujerar har gwiwarta ta taɓa ƙasa.

"Yes ma."

"Tashi ki zauna. What is your name?"

"Yes ma."

'Yar tsanar ta faɗi daga cinyarta ba ta ɗauka ba. Haka aka tarbiyyantar da ita: ba a kallon babba a ido, ba a ja masa magana da tsawo, abin da ya faɗa a ce to. Duk makonnin nan da bango take magana, bango kuwa ba babba ba ne.

Da muka fito ta ce mini, "Malama Ƙarama, wallahi kalmomin suna nan. Har wuya suke zuwa. Da na ga ido sai su koma."

Ran Juma'a muka tsallake ɗigo biyu, ta yi magana. Ran Asabar muka kai ta gefe da gefe, kamar masu zama a mota, ta yi magana amma tana tsayawa. Ran Lahadi bayan an taso daga coci muka gwada gaba da gaba da Baba Audu, wanda ta saba da shi. Ya cire hula, ya yi mata fuskar wasa. Jimla ɗaya ta fito, ta biyun ta maƙale.

Ya ce, "Haba Talatu, ni ne fa. Audu mai bam."

Ba ta yi dariya ba. Godiya tana zaune a ƙofa tana wasa da gwangwanin gobe, ta zubar da ruwan. Mama Ladi ta ja ni gefe ta ce kada mu ƙara matsa mata, idan aka tsorata ta yau, gobe ko sunanta ba za ta faɗa ba.

Ran Litinin na raka ta, don makarantarmu sai mako na gaba, kuma ana buƙatar mai riƙe Godiya. Ta sa atamfarta ta zuwa coci. A hanya tana ta maimaita jimlolin ƙasa-ƙasa, duk daidai. Gidan renon yana da shuɗin get da zanen agwagi a bango. Aka ce mu jira a baranda, ita ta shiga ofis. Gilashin tagar ofis ɗin ɗaya ya fita, ta wurin nake ganin komai.

Madam babbar mace ce mai tabarau, tana bayan tebur, fuskarta na kallon ƙofa sosai. Ba ta da faɗa. Ta yi murmushi, ta nuna kujera. Mama Talatu ta zauna a bakin kujerar. A ɗakin da ke kusa wani jariri yana ta tsala kuka, ranarsa ce ta farko, wata ma'aikaciya tana zagaye da shi a kafaɗa ya ƙi yin shiru.

Madam ta tambayi sunanta.

"Yes ma."

Ta tambayi ko ta taɓa renon yara.

"Yes ma."

Ta tambaye ta abin da za ta gaya wa uwa idan yaro ya wuni bai ci abinci ba. Wannan mun yi ta ba adadi. Na ga leɓen Mama Talatu yana motsi. Na ga gwiwarta ta fara neman ƙasa.

"Yes ma."

Madam ta cire tabarau ta ajiye a kan tebur, ta murza ido. Ta fara magana a hankali, irin yadda ake yi idan za a ba mutum haƙuri. A lokacin ne na lura da wani abu. Kan Mama Talatu yana ƙasa, amma kunnenta yana wajen kukan. Jikinta yana rausaya gaba da baya, kaɗan-kaɗan, daidai da kukan jaririn, hannunta kuma ya riga ya kai ga ƙullin zanin da ta yafa a kafaɗa.

Na zaunar da Godiya a kan benci na ce kada ta motsa. Daga barandar zuwa ƙofar ofis ba nisa, amma sai da na goge tafin hannuna a siket sau biyu.

Kun san inda Mama Talatu take yanzu. Kuna wuce ta da safe a bakin shuɗin get, da yaro a baya, tana gaya wa iyaye su riƙa sa wa 'ya'yansu rigar sanyi. Ta gama ɗigonta daga baya, a ajin Alhamis, ɗaya bayan ɗaya. To duk wadda ta karɓi makullin nan a cikinku, ta fara da share jan fentin, ta kuma tambayi amfanin duk abin da ta gani a ƙasa. Abin da ba ku sani ba shi ne ni ma a lokacin ban taɓa matsawa ko zuwa ɗigon farko ba. Tun ranar da aka yi mini ihu a aji, ban yi wa wani Turanci ina kallon fuskarsa ba.

Na ƙwanƙwasa ƙofar da take a buɗe. Madam ta mayar da tabarau ta dube ni. Idonta ya fi yadda na zata girma. Da Turanci na yi maganar, kuma na tabbata akwai bam a ciki fiye da ɗaya. Ba wanda ya faɗa ƙarƙashin tebur.

Na ce, "Don Allah, Madam, a ba ta yaron nan mai kuka ta goya. Ke kuma ki zagaya bayanta, ki sake yi mata tambayoyin."